Kwalbar da Kawu Ya Ƙi Jefarwa

Ranar da Kawu ya rasu, jiragen ruwa sun fi motoci yawa. Mu da muka taso daga nesa sai bayan jana'iza muka iso Yelwa, muka tarar da ƙofar gida cike da mutanen da ba mu sani ba, su ma kuma ba su damu mu san su ba. Ga Sarkawa masunta da ƙarnin kifi a rigunansu, ga Gungawa daga garuruwan bakin tafkin Kainji, ga wasu tsofaffin Kambari biyu da suka taho tun daga ƙasar Ngaski suka zauna gefe suka ƙi hawa tabarma. Wata mata Kirista daga wajen Shanga ta shigo cikin gida tana kuka da ƙarfi, har matan unguwa suka fara kallon juna, don mu ba haka muke yi ba. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar mamacin, ta hana a taɓa ta.

"Ku bar ta ta yi kukanta," in ji Inna. "Ita tas san abin da tar rasa."

Kawu wan mahaifiyata ne. Disfensa ne, mai ba da magani a wani ƙaramin asibiti na bakin tafki a ƙasar Ngaski, kuma a tagar ba da maganin nan ya ƙare aikinsa. Bai taɓa shiga jami'a ba. Ni na shiga, na karanta harhaɗa magunguna, yanzu shi nake koyarwa. Masu yabonsa suna da yawa, ba sa buƙatar taimakona. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, an binne Kawu da wani kaya a kansa wanda ba nasa ba ne, kuma na san mai kayan.

A wani tsibiri na tsakiyar kogin Kwara aka haife su shi da Inna, kafin a yi madatsar Kainji ruwa ya cinye garin. In muna cikin jirgi sai ya nuna wani wuri da babu komai sai ruwa, ya ce mini, "Ga ɗakin kakarki nan, ki gaishe ta." Yana jin Gunganci ta wajen uwa, yana kuma yin wani Kambarci da Kambarin kansu ke riƙe ciki don dariya in ya fara. Bai damu ba. Cewa yake wanda ya yi maka dariya ya riga ya saki jiki da kai, sai ka tambaye shi abin da ke damunsa.

Makarantu kan turo masa ɗaliban harhaɗa magunguna su yi sanin makamar aiki, kuma babu ɗalibin da bai tsane shi ba a makon farko. Za ka zo da farar rigarka mai guga, da biro biyu a aljihu, sai ya nuna maka wani dogon benci a ƙarƙashin mangwaro inda marasa lafiya ke jira. Nan za ka zauna kwana bakwai, ba ka taɓa ko ƙwayar magani ɗaya. Da la'asar sai ya zo ya tsare ka da tambaya. Matar nan mai jan zane, ina take ɗebo ruwan sha? Tsohon can, da me ya zo, kuma tun yaushe ya baro gida? Gidan su yarinyar nan, sau nawa ake ɗora tukunya a rana? Sannan tambayar da ya fi so, wadda har yau tsofaffin ɗalibansa ke tsokanar juna da ita:

"To in sun koma gida, wa ka riƙon cokali?"

Wani ɗalibi ya taɓa ba wani masunci maganin tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini da ake ɗauka a ruwa, ya kuma gargaɗe shi cikin murya irin ta manya cewa kada ya ƙara shiga tafki. Kawu yana bayansa yana jera kwalabe. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Madalla da likita. Ka ƙara mai da cewa ya daina cin abinci, shi da ɗiyanai." Sai ya fito ya zauna da masuncin, suka yi ta lissafin yaushe zai riƙa dawowa a duba shi, da yadda zai hana yaransa wanka a gaɓar da dodon koɗi ya fi yawa.

Ya tsani a ce wa mutum "sau uku a rana bayan abinci" a yi shiru. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, akwai gidajen da sau ɗaya ake ci, kuma mai biyayya zai zauna yana jiran abinci na biyu da na uku da ba za su zo ba. Musulmi yakan ɗaura masa magani da salla. Manomin Kambari mai addinin kakanninsa kuwa sai ya ce masa fita gona, rana tsaka, da dawowa. Masunta ba ya ba su ƙwaya a ambulan ɗin takarda, domin ya sha ganin yadda take komawa kunu a cikin jirgi. Ƙananan kwalabe yake tarawa ya wanke ya shanya, har matarsa ta ce ya mai da mata tsakar gida bola. Yana da aboki mai maganin gargajiya, suna musu kamar su daki juna, amma in mutumin ya ga ciwon da ya fi ƙarfinsa, wajen Kawu yake turowa.

Ni na je wajensa ne a shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi. Na ɗauka tunda ɗiyar ƙanwarsa ce ni, benci ba zai shafe ni ba. Ashe ni ya fi ɗokin zaunarwa. Kwana biyu na daure. A na uku na miƙe na same shi a taga, na ce, "Kawu, ban yi shekaru ina haddace sunayen magunguna don in zo in ji wa ke da rijiya wa ke da akuya ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, Likita. Allah shi ba ki haƙuri."

Daga ranar ya raɗa mini Likita, kuma duk wanda ya ji yadda yake faɗa ya san ba yabo ba ne. Na yi fushi na daina gaishe shi da kyau. Babu ma wanda zan kai wa ƙara, don ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, kakata ce ta goya ni ta yaye ni. In Inna na son in yi wani abu, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma waccan." Haka na taso, ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba. Na faɗi wannan ne don a gane cewa abin da ya biyo baya ba rashin sani ba ne.

Sabuwar jiha ta zo da sabon tsari. Magungunan da a da ake karɓowa ta Sakkwato, yanzu sai an je Birnin Kebbi, kuma sai disfensa ya je da kansa ya sa hannu. Tafiyar kwana uku ce. Kawu ya yi ta jujjuya makullin a hannunsa kafin ya miƙo mini. Na karɓa ina murna a ciki, na ce yau za a ga aiki.

Washegari ranar kasuwa ce, layi har bakin hanya. Wata tsohuwa ta zo goye da yarinya da ba ta kai shekara biyu ba, tana tari, numfashinta na fita da sauri. Bayansu wata matashiya ce riƙe da kwando, kanta a sunkuye. Daga wata tungar masunta suke a ƙetaren ruwa. Ma'aikacin jinya ya duba yarinyar ya rubuta magani, irin na gari a kwalba, wanda ake zuba wa tafasasshen ruwan da ya huce zuwa wani layi, a girgiza, a riƙa ba da cokali. Tsohuwar ta koma benci da goyonta. Na leƙa na ce, "Ina uwar yarinya?" Domin haka aka koya mana, uwa ake yi wa bayani. Matashiyar ta matso kamar ana jan ta.

Na ce, "Yaya sunanta?"

Ta yi shiru tana kallon ƙasa. Na sake tambaya da ɗan tsawa. Daga can kan benci tsohuwar ta ɗaga murya ta faɗi sunan.

Na rubuta. Ni, wadda uwata ba ta taɓa faɗin sunana ba, na ji wannan shirun na kuma ji inda amsa ta fito, amma ban ɗaga kai ba. Na zayyana wa matashiyar bayani tsaf, ruwa zuwa nan, cokali ɗaya sau uku, kwana biyar, in ba sauƙi a dawo. Ta ce to. Kawu da kansa yake haɗa irin wannan magani, ya ba da cokalin farko a gaban mai reno. Ni layi nake kallo. Na miƙa mata kwalbar da garinta a bushe, na ce na gaba.

Da Kawu ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya zauna yana bin katunan da na cika. Ya yi ta gyaɗa kai, har na fara jin daɗi. Da ya zo kan na yarinyar sai ya tsaya.

"Wa kiy yi ma bayani?"

"Uwar."

"Wa ag goye da ita?"

"Wata tsohuwa."

Ya ajiye katin a hankali. "Ɗiyar hwari ta?"

A lokacin ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Kawu ya ɗauki jakarsa ya ce in biyo shi. Muka sami jirgi mai inji a gaɓa, muka ƙetare.

Mun sami yarinyar da rai, amma ƙirjinta na lotsawa da kowane numfashi. A ɗakin kakar take, inda take kwana tun da aka yaye ta. Matashiyar ta ajiye kwalbar a bakin ƙofar uwar mijinta ranar da suka dawo, ta juya. Ba za ta iya tsayawa gaban surukarta tana koya mata yadda za a yi da 'yar farinta ba. Tsohuwa ta buɗe ta ga gari, ta yi da shi yadda aka saba yi da garin magani. Ta ɗauko kwalbar ta nuna wa Kawu, kusan cike take.

"Kullum ina barbaɗa mata ga kunu, Malam," in ji ta. "Wallahi ban yi hwashi ba ko rana guda."

Kawu ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Inna. Tashi mu tahi Yelwa."

Ba mu kai ba. Muna hango gaɓa yarinyar ta cika a hannun kakarta. Uwar tana can ƙarshen jirgi, ta juya fuska wajen ruwa. Ba ta matso ba, ba ta yi kuka ba, domin ko kukan ma ba a yi wa ɗan fari a gaban mutane. Hannunta kawai nake gani a kan katakon jirgin, ta damƙe shi har jijiyoyi sun fito. Mai jirgi ya juya da mu.

Na so Kawu ya zage ni. Na so ya kore ni gida. Bai yi ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, bayan kwana biyu, shi ne rai na Allah ne, kuma babu mai tabbacin maganin zai tashe ta ko da an ba ta daidai. "Amma ba a ba ta ba," ya ce. "Wanga shi an namu." Na ce ai kunyar nan ce ta kashe ta, ya kamata a yaƙi al'adar. Nan ne kaɗai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce kunya tana nan tun kafin a haife ni, ita ta rene ni ma, kuma ba a taga cikin minti biyu zan rushe ta ba. Aikina in san da ita, in nemi mai riƙon cokali. Washegari ba wanda ya ce mini komai, na cire farar rigar na je na zauna a benci, sai da na yi sati uku. Bai sake kirana Likita ba, kuma na yi kewar tsokanar fiye da yadda zan iya faɗa.

Kwalbar kuwa ya roƙi tsohuwar ta bar masa. Ya ɗora ta a saman kantar magani, nesa da sauran magunguna, garin ya yi ta dafewa yana canja launi. Masu duba asibiti sun sha cewa a jefar da ita, yana cewa to, tana nan.

Bayan shekaru na fara koyarwa, na roƙi makarantarmu ta bar ni in riƙa kai masa ɗalibai mako biyu kowace shekara. Ranar farko da na kai su, ya zaunar da su ƙarƙashin mangwaro, ya shiga ya fito da kwalbar. Ya ba su labarin duka, tsohuwa da matashiya, shirun da aka yi, kunu, jirgi. Abu ɗaya ya canja. Ya ce, "Ni na a taga ranan nan. Ni niy yi gaggawa." Wata ɗalibata har da hawaye. Ni kuwa ina tsaye a bayansu da rajista a hannu.

Da suka watse na same shi, raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba. Na ce, "Kawu, wannan ai ƙarya ce."

"Wa yab ba ki makulli?" ya ce. "Ni nib bar taga ga wadda ba ta gama benci ba. Ina da rabo ciki."

"Amma ba kai ka miƙa kwalbar ba."

"In nic ce ke ta, mi za su koma da shi makaranta? Tsegumin malamarsu. In nic ce ni na, tsoho mai hurhura, sai su ji tsoro, su ce ashe kowa na iya yi." Ya mai da kwalbar mazauninta. "Randa kika iya ɗauka, ki zo ki ɗauka. Ba ni hana ki."

Ban ɗauka ba. Shekara bayan shekara ina kai ɗalibai, ina tsayawa a baya, ina jin yana cewa shi ne. Har bayan ya yi ritaya ya koma Yelwa, yakan biyo mu da kwalbar a aljihun babbar riga. Na gaya wa kaina cewa dabararsa ce ta koyarwa, bai kamata in ɓata masa ba. Gaskiyar ita ce na ji daɗin laimar, kuma ina tsoron idon ɗalibaina.

Ranar sadakar uku, wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aiki a wani babban asibiti yanzu ta shigo gaisuwa cikin gida. Tana share hawaye ta ce ita abin da ba za ta manta da Baba ba shi ne tawali'unsa. Ta kwashe labarin kwalbar ta ba matan da ke zaune, ta ce wane babba ne zai tsaya gaban yara ya ce sakacinsa ya yi sanadin rai? Mata suka yi ta cewa Allah sarki, Allah Ya yafe masa. Ina zaune ina ji ana nema wa Kawu gafarar laifina, na kuwa ce amin tare da su.

Na tashi na nufi wajen randa kamar zan sha ruwa. Wata mata ta biyo ni, ta manyanta, da ƙullin busasshen kifi da ta kawo na gaisuwa. Ta tsaya kusa da ni tana kallon ƙasa, kuma da wannan sunkuyon na gane ta.

"Malama," ta ce a hankali, "ke ta a taga."

Na ce, "Ni ce."

"Ban zo don in tona ki ba. Kin hwaɗa min daidai, ban mance ba. Ruwa har ga layi, cokali guda sau uku." Ta gyara mayafinta. "Ina tsaye bayan zana ina kallon tsohuwa tana barbaɗawa. Kwana ukku. Bakina ya ƙi buɗewa."

Har yau ba ta faɗi sunan yarinyar ba. Ta ce 'ya'yanta biyar yanzu, kuma duk wanda ya yi ciwo, Malam kan sa a zo da ita da surukarta tare, ya yi wa tsohuwa bayani ita tana ji, ba wanda ya ji kunya. Ta ce a tungarsu yanzu haka ake yi wa kowane ɗan fari. Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko.

"Ni da ke mun yi shiru, shi yaɗ ɗauka. To yanzu da ba shi, wa za ya hwaɗa ma yaran ga naku?"

Na koma tsakar gida ban zauna ba. Na ce a daina nema wa Kawu gafara a kan kwalbar nan, yana Birnin Kebbi ranar, ni ce a taga, ni na ji shirun uwar na yi kamar ban ji ba. Can sai Inna, wadda ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba, ta juya wajen matar Kawu.

"Tana cikin aljihun rigarshi ta Juma'a," ta ce. "A ba waccan kayanta."

Tun kafin in dawo makaranta wasu abokan aikina suka fara cewa tunda tsohon ya rasu, sai a soke tafiyar bakin tafki, a mai da makonnin biyu cikin aji, ga wahalar hanya, ga haɗarin ruwa. Na gaya musu a taron malamai cewa ba za a soke ba, ko da ni kaɗai zan raka su. Mangwaron yana nan, bencin yana nan, na je na gani. Wanda ya gaji Kawu a taga ya ce mu zo. Matar tungar ta ce in kawo su har ƙetare, ita da surukarta za su zauna da su.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da abin da ya ɗaukar mini shekara da shekaru bai taɓa yi mini gori ba. Ya jiƙan yarinyar da sau ɗaya na ji sunanta, daga bakin kakarta, daga kan benci.

Wata mai zuwa za mu tafi. Kwalbar tana cikin jakata. Zan zaunar da su a inuwar, in fito da ita, in ba su labarin yadda ya faru. In na zo wurin da Kawu kan ce shi ne, zan dubi idonsu in ce ni ce.